Magungunan cutar MS bayan shekara 30: me suka tsare, me ya gagare su?

Duk mai jinyar da aka miƙa wa takardar magani mai tsada, tambayarsa ta farko ɗaya ce: "Likita, in ta sha za ta warke?" A cutar multiple sclerosis, wadda ake taƙaitawa da MS, amsar gaskiya ita ce a'a, kuma wannan a'a ɗin kaɗai ta isa ta sa iyali su naɗe takardar su kama hanyar gida. Mu mun saba auna magani da kwana uku: zazzaɓi ya sauka, ciwon kai ya lafa, sai a ce magani ya karɓe ta. Magungunan da ake bayarwa don sauya tafiyar MS ba su hawa wannan ma'auni. Ba su mayar da abin da ya riga ya lalace, kuma mai shan su ba lallai ya ji wani sauƙi a jikinsa ba. Aikinsu shi ne rage ɓarnar da ba ta zo ba tukuna. Saboda haka sai an jira shekara 10, 15 ko 20 kafin a iya cewa sun yi aiki ko ba su yi ba. Na farkonsu ya fito a 1993, don haka yanzu an sami isassun shekarun da za a yi hisabi.

Ita cutar, garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa wani lulluɓi mai kitse da ke rufe jijiyoyin ƙwaƙwalwa, laka da jijiyar ido. Inda lulluɓin ya zaizaye, saƙo ba ya wucewa yadda ya kamata. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya fayyace ta a 1868 a birnin Paris. Ƙidayar duniya ta 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da ita, mata sun ninka maza, kuma galibi tana somawa tsakanin shekara 20 da 40. A kusan kashi 85 cikin 100 na masu ita, tashi take yi ta lafa. Ido ɗaya ya yi dishi-dishi yana zafi in an juya shi, ko ƙafa ta sage, ko jiri ya hana tafiya. Bayan makonni abin ya ja da baya, wani lokaci kamar ba a yi ba, sai kuma bayan wata shida ko shekara biyu ya ɓullo ta wani wurin. Sauran kuwa tun farko gangara take yi da su a hankali ba tare da tashi da lafawa ba.

Likitoci na auna nakasar da wani ma'auni da John Kurtzke ya tsara a 1983, daga 0 zuwa 10. Mataki na 6 shi ne mutum ba zai iya tafiyar mita 100 ba sai da sanda. Na 7 kuwa keken guragu ne. Kafin zuwan magunguna, bayanan da aka tara a garin London na lardin Ontario a Kanada sun nuna cewa rabin masu cutar kan kai ga sanda cikin kimanin shekara 15. Wannan shi ne abin da ake son magani ya canza.

Matsalar ita ce gwajin da ake yi kafin a ba magani lasisi yawanci na shekara 2 ne ko 3. A irin wannan gwaji, interferon beta na 1993 ya rage yawan tashin ciwo da kusan kashi ɗaya cikin uku. To amma rage tashin ciwo cikin shekara 2 daban, hana mutum kama sanda bayan shekara 20 daban. Kuma ba wanda zai yarda a bar wani rukuni na marasa lafiya shekara 20 ana yi masu allurar da ba magani a cikinta don kawai a sami abin kwatance. Dole aka koma bin diddigin mutane a rayuwarsu ta yau da kullum, inda abubuwa ke cakuɗewa.

Ɗaya daga cikin bin diddigi mafi tsawo na mutum 372 ne da suka shiga wancan gwaji na farko. Bayan shekara 21 an gano inda 366 daga cikinsu suke, 81 sun rasu. Waɗanda aka fara wa cikakken maganin tun farko, haɗarin mutuwarsu ya yi ƙasa da na waɗanda aka fara wa allurar da ba komai cikinta da kusan kashi 47 cikin 100. Abin lura shi ne su ma na biyun an ba su damar shan magani da gwajin ya ƙare, cikin shekara 5 ko ƙasa da haka. Ke nan babban bambancin da ke tsakaninsu shi ne 'yan shekarun farko.

Sai dai a shekarar da aka buga wannan, 2012, wani bincike daga lardin British Columbia na Kanada ya fito da akasin haka: bai ga alamar interferon ya rage ci gaban nakasa ba. A Ingila ma an sha ruɗani. Gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin magani a 2002 cewa za a bi mutum sama da 5,000 tsawon shekara 10, in maganin bai kai yadda aka yi alkawari ba a rage farashi. Sakamakon farko a 2009 ya nuna kamar masu shan maganin ma sun fi taɓarɓarewa. Da aka sake duba rukunin da ake kwatanta su da shi aka ga bai dace ba, aka sauya shi, sai lissafin shekara 10 ya nuna maganin ya jinkirta kai wa ga sanda da kimanin shekara 4. Mai shakka zai ce an sauya sikeli ne don awo ya cika, kuma ba za a ce bai da hujja sam ba. Ni abin da na ɗauka daga wannan taƙaddama shi ne tsofaffin alluran suna da amfani, amma amfanin bai da girman da zai fito fili ta kowace fuska aka duba shi.

Akwai kuma wani abu da ke rikita lissafi. Tun 2001 ake gano cutar da ƙa'idojin McDonald masu dogaro da hoton MRI na ƙwaƙwalwa da laka, kuma an yi ta sabunta su. Kowace sabuntawa na kamo mutanen da ciwonsu bai yi tsanani ba, waɗanda a da ba za a ma sa su cikin ƙidaya ba. Don haka idan wani bincike na jami'ar Kalifoniya a San Francisco ya ce bayan kusan shekara 17 da somawar ciwo kashi 11 cikin 100 kaɗai suka kai ga sanda, maimakon rabi da aka sani a da, ba duka ladan ne na magani ba. Wani ɓangare na canjin waɗanda ake ƙirgawa ne. Amma tazarar da ke tsakanin rabi da kashi 11 ta fi ƙarfin a jingina ta duka ga wannan.

Hujjar da ta fi nauyi ta zo ne daga manyan rumbunan bayanai, musamman MSBase da ke tattara bayanan marasa lafiya daga ƙasashe da dama. Wani nazari na 2021 a kan mutum 14,717 ya ƙiyasta cewa ci gaba da shan magani tsawon shekara 15 yana rage tashin ciwo da kusan kashi 40 cikin 100, yana kuma rage haɗarin kai wa ga sanda da kusan kashi biyu cikin uku. Wani na 2019 a kan mutum 1,555 ya duba lokacin da cutar ke rikiɗewa daga mai tashi da lafawa zuwa mai gangara ba tsayawa. Cikin shekara 5, kashi 27 cikin 100 na waɗanda ba su sha magani ba sun rikiɗe, a masu tsofaffin allurai kashi 12. Da aka kwatanta tsofaffin alluran da magunguna masu ƙarfi irin su natalizumab, fingolimod da alemtuzumab, sai aka sami kashi 12 da kashi 7.

Daga nan gardamar ta koma kan wane magani za a fara da shi. Tsohuwar al'ada ita ce a fara da mai sauƙi, in ya gaza a hau zuwa mai ƙarfi. A ido hikima ce, don masu ƙarfin na da haɗari. An janye natalizumab daga kasuwa a 2005, 'yan watanni bayan fitowarsa, saboda wata muguwar cutar ƙwaƙwalwa da ke biyo bayan raunin garkuwa, kafin a dawo da shi a 2006 da tsauraran sharuɗɗa. Illar wannan al'ada ita ce ba a sanin magani ya gaza sai bayan wata sabuwar ɓarna ta auku, ita kuwa ba ta komawa. Ƙasashen Suwidin da Denmak sun ba da abin kwatance ba da gangan ba. Mutanensu da tsarin asibitocinsu sun yi kama, amma a Suwidin kusan kashi ɗaya cikin uku ake fara wa mai ƙarfi kai tsaye, a Denmak ko kashi ɗaya cikin goma bai kai ba. Nazarin da aka buga a 2021 ya nuna haɗarin ƙaruwar nakasa ya yi ƙasa da kashi 29 cikin 100 a Suwidin. Wani na 2020 ya kwatanta waɗanda suka sami mai ƙarfi cikin shekara 2 na farko da waɗanda suka same shi bayan shekara 4 zuwa 6. Bayan shekara 10 da somawar ciwo, matsakaicin makin na farkon a ma'aunin Kurtzke 2.3 ne, na biyun 3.5. Magani iri ɗaya suka sha, lokacin somawa ne ya raba su.

To me ya gagari magungunan? Wanda ya taɓa zama a gidan ƙasa ya san abu biyu ne ke kai shi ƙasa: mamakon ruwan Agusta da ke ɓantare katanga a dare ɗaya kowa ya gani, da gara mai cin azara daga ciki ba ƙara ba ƙura. Tashin ciwo shi ne ruwan, kuma magungunan zamani sun iya tare shi ƙwarai, har wasu kan yi shekaru ba tashi ko ɗaya, hoton MRI ba sabon tabo. Amma a ƙarƙashi akwai lalacewar jijiya da ke tafiya a hankali cikin ƙwaƙwalwa da laka, inda yawancin magungunan ba su isa sosai. Da aka sake bitar gwaje-gwajen ocrelizumab a 2020, an ga cewa kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na nakasar da ta ƙaru ta zo ne ba tare da wani tashin ciwo ba. Mutum zai lura cewa tafiyar da yake yi daga gida zuwa masallacin Juma'a ba hutawa, bana sai ya tsaya sau ɗaya, baɗi sau biyu, alhali likita na cewa hoto ya yi kyau. Dukansu gaskiya suke faɗa.

A wannan fagen nasarar kaɗan ce. Ocrelizumab, wanda ya fito a 2017, ya rage haɗarin ƙaruwar nakasa da kashi 24 cikin 100 a masu cutar da ke gangara tun farko. Siponimod ya rage da kashi 21 a waɗanda tasu ta rikiɗe daga baya. Shekaru ma na da tasiri: wani nazari na 2017 da ya haɗa gwaje-gwaje masu yawa ya nuna amfanin magani na raguwa yadda mutum ke manyanta, har a matsakaicin lissafi ya kusa ɓacewa bayan shekara 53, daidai lokacin da haɗarin kamuwa da wasu cututtuka saboda raunin garkuwa ke ƙaruwa.

Idan aka sauko da duk wannan zuwa Katsina ko Daura, darasin da ya fi fitowa shi ne na lokaci, kuma nan ne muka fi rauni. A ɗauki matashiya 'yar shekara 24 a wata unguwa cikin birnin Katsina. Idonta na hagu ya dushe mako uku ya dawo. An sa mata maganin ɗigawa, an ce ya yi aiki. Bayan shekara ƙafarta ta dama ta yi nauyi, takalmi na zamewa ba ta sani ba. An yi gwajin maleriya da taifot, an yi ƙarin ruwa, wata gwaggo ta ce iska ce, aka yi ruƙiyya, ƙafar ta saki. Kowa ya gode wa abin da ya yi imani da shi, alhali cutar ce da kanta ke lafawa, haka ɗabi'arta take. Ba laifi ba ne a yi addu'a, laifin shi ne babu wanda ya haɗa idon bara da ƙafar bana ya ga ciwo ɗaya ne. Kafin a kai ga likitan jijiyoyi a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko a wuce Asibitin Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya, a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da laka, shekarun da binciken Turai ke cewa su ne na zinariya sun riga sun wuce.

An daɗe ana koyar da cewa MS cutar Turawa ce, kuma gaskiya ne ta fi yawa a ƙasashe masu nisa da tsakiyar duniya. Amma bincike a kudancin Kalifoniya a 2013 ya sami sabbin kamuwa sun fi yawa a baƙaƙen mata fiye da fararen, kuma an sha nuna cewa cutar kan fi tsanani a baƙaƙen Amurka. Inda na'urar MRI da likitocin jijiyoyi suka yi ƙaranci, ƙarancin cuta a takarda ba ya nufin ƙarancinta a gari. Haka kuma kusan duk alƙaluman da na kawo a sama daga Turai, Amurka ta Arewa da Ostareliya suka fito, don haka ɗora su a kanmu sai da taka-tsantsan.

Akwai wani tarko da ya fi shafar mu. Wata cuta mai kama da MS, wadda ake kira NMO, ita ma tana kama jijiyar ido da laka, kuma ta fi yawa a mutane masu asali da Afirka da Asiya. Tun wajen 2004 aka gano gwajin jini da ke bambanta ta. Interferon, natalizumab da fingolimod na iya ƙara tsananta ta. Wanda aka yi wa kuskuren suna, aka sayo masa magani mai tsada daga Masar ko Indiya, yana iya rasa ganinsa da kuɗinsa gaba ɗaya.

Sai maganar prednisolone, maganin rage kumburi da ake samu a kowane kyamis. Allurar wannan dangi mai ƙarfi ta kwana 3 zuwa 5 tana gaggauta lafawar tashin ciwo, amma ba ta canza inda cutar za ta kai mutum bayan shekara 10. Wanda ya ji daɗinta ya mayar da ƙwayar abin sha kullum, abin da zai girba shi ne ciwon suga, hawan jini, kumburin fuska da raunin ƙashi. Zafin Afrilu da Mayu, lokacin da Katsina ke haura digiri 40, shi ma yana da nasa ruɗin. Jijiyar da ta taɓa lalacewa ba ta jure zafi, sai tsofaffin alamomi su dawo da rana tsaka, su tafi in jiki ya huce. Wannan ba sabon tashin ciwo ba ne, ba kuma shaida ba ce cewa magani ya daina aiki. Zazzaɓin maleriya da ciwon mafitsara ma kan yi haka.

Ta fuskar kuɗi, farashin yawancin waɗannan magunguna a Amurka ya haura dala 80,000 a shekara, a Najeriya kuwa, inda aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a naira 70,000 a wata a 2024, ba sai an yi lissafi ba. Abin da ya buɗe ƙofa shi ne rituximab, tsohon maganin kansar jini na 1997 wanda yanzu kamfanoni da yawa ke yi. Shi Suwidin ta fi dogara da shi, kuma a gwajin da aka yi can a kan mutum 200, wanda aka buga a 2022, kashi 3 cikin 100 ne ciwonsu ya tashi cikin shekara 2, a masu shan ƙwayar dimethyl fumarate kuwa kashi 16. A Yulin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna tare da cladribine da glatiramer, karon farko da maganin MS ya shiga jerin. Ana ba da shi ta ƙarin ruwa. Mara lafiya zai zo da safe, a ba shi farasitamol da maganin ƙaiƙayi, a ɗaura ruwan yana ɗiga a hankali, nas na duba hawan jini da numfashi lokaci-lokaci, zuwa la'asar an gama, sai kuma bayan wata shida. Ga mutumin Daura ko Mai'adua, zuwa asibiti sau biyu a shekara ya fi sauƙi nesa da allurar kullum da za a adana a firji a garin da wuta ba ta da tabbas. Yana kuma aiki a kan NMO.

Amma shi ma ba a ɗaura shi da ka. Yana iya tayar da ciwon hanta nau'in B da ke kwance, har hantar ta gaza, kuma binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya a Najeriya na ɗauke da ƙwayar. Gwajin hanta, na tarin fuka da na HIV kafin a fara wajibi ne. In an daɗe ana yin sa, sinadaran garkuwa na jini kan ragu, cututtukan huhu su yawaita. Mai niyyar Hajji ko Umara kuma ya sani cewa rigakafin shawara na cikin waɗanda ba a yi wa mai shan irin wannan magani, don haka gara a yi shi tun kafin a soma.

Abin da ya fi damuna a yanayinmu shi ne yankewa. Dangi kan yi karo-karo a sayi na wata shida ko shekara, in ba a ga canji ba ko aljihu ya gaji a tsaya. A wasu magungunan wannan asarar kuɗi ce kawai. A natalizumab da fingolimod kuwa, tsayawa farat ɗaya na iya sa ciwon ya dawo da ƙarfin da ya fi na da cikin 'yan watanni. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: wanda bai da tabbacin ɗorewa kada ya fara waɗannan biyun. Haka batun ciki, tunda yawancin masu cutar mata ne a shekarun haihuwa. Binciken Turai na 1998 ya nuna tashin ciwo na raguwa sosai a watanni ukun ƙarshe na ciki, ya ƙaru a watanni ukun farko bayan haihuwa, wato daidai lokacin wankan jego. Teriflunomide ba ya haɗuwa da ciki sam, cladribine kuma sai an jira wata shida bayan kammala shan sa. Amarya da angonta na bukatar jin wannan tun kafin a zaɓi magani.

Ga wanda ya manyanta kuma ciwonsa ya daɗe a kwance, tambayar ko a daina ma an gwada ta. A Amurka an raba mutum 259 'yan shekara 55 zuwa sama gida biyu, wasu suka ci gaba wasu suka daina. Sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna sabon motsin ciwo a kusan kashi 5 cikin 100 na masu ci gaba da kashi 12 na waɗanda suka daina, mafi yawansa tabo ne a hoto ba tashin da mutum zai ji a jikinsa ba. Wani gwaji makamancinsa a Holan, wanda ya haɗa da masu ƙarancin shekaru, an dakatar da shi kafin lokaci saboda ciwon ya motsa a waɗanda suka daina. Ɗan shekara 60 da ya yi shekara 10 lafiya lau zai iya zama da likitansa su auna dainawa, da sharaɗin ci gaba da ɗaukar hoto. 'Yar shekara 35 da ta ce "Likita, ai na warke, shekara uku ban ji komai ba," ita ce ta fi kowa bukatar ruwan da za a ɗaura mata wata shida mai zuwa.